Ruwan Wankin Alƙaluma

Daren Lahadi nake yi musu wanka.
Su bakwai ne, har da gurgun da ba ya rubutu.
Nakan ɗauko kwanon shan da Tsahara ta sallama mini
tun ranar da ta ga gindinsa ya rine,
in zuba ruwan randa, in kwance wuyan kowa,
in matsa cikinsa ya amayar da abin da ya sha a mako.

Ruwan kan fara da shuɗi,
sai ja ya faɗo kamar baƙon da bai yi sallama ba,
kore ya biyo sawu,
can su gauraye su zama launin da ba shi da suna,
irin na Gulbi in ya cika a watan takwas
ya kwaso ƙasar gonakin wasu ya kawo mana Maraɗi.

Na farkon, jaka biyu da rabi na saye shi
hannun Nomau mai gyaran agogo, bakin Babbar Kasuwa.
Daga gwangwanin madara ya fito, tsakanin matattun batura,
baki a karkace kamar mai jin haushin duniya.
Nomau ya maƙala gilashi a ido ɗaya,
ya lallashi harshen da farce,
ya goga shi a gindin kofin shayi
har ya daina kartar takarda.
Ya ce: kada ka danna, wannan ba bik ba ne.
Ya san hanyarsa. Kai dai raka shi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina rakiya.

Sau ɗaya na yi wauta.
Na roƙi tawadar ƙaro wurin Malam Tsayabu na Limanci,
baƙa wuluk, mai ƙyalli kamar bayan buzuzu,
na ɗura wa wanda ya fi tsada.
Kwana biyu ya shaƙe.
Abin da ke raya alƙalamin gamba
shi ya toshe maƙogwaron nawa.
Shi ne gurgun. Har yau da shi nake fara wankan,
don laifin ba nasa ba ne.

A fada abokai na yi mini dariya:
mutum yana sayar da tayar babur
amma yatsu kamar na ɗan karofi!
Ga waya a aljihu, ka yi magana ta kai saƙo,
me ya haɗa ka da ɗura da tsanewa?
Ba ni da amsa. Takarda nake miƙa musu,
su ga yadda shuɗin da direban Kano ya kawo mini
yake ɗaukar wani ja a gefen harafi in ya bushe.
Su duba, su ce ba su ga komai ba.
Ai sai an karkata ta wajen fitila,
su kuwa shayinsu na hucewa.

Daminar bara rufin shago ya yi yoyo
daidai kan littafin bashi.
Shafin Mantau ya narke,
jaka goma sha huɗu suka koma hadari,
lambar wayar da wani ya karta da bik a gefe
tana nan tsaye ƙyam, tana yi mini gwalo.
Mantau ya zo, ya daɗe yana kallon shafin,
ya ce: amma fa ya yi kyau.
Ya biya tara. Na karɓa.
Rufin na gyara, ban sake tawada ba.

Yau shida na ƙirga. Koren ba ya nan.
Na ga tabo a yatsar Zuwaira ta tsakiya,
daidai inda nawa yake,
kuma da cokali ta ci tuwo, ita da ba ta saba ba.
Ban tambaya ba.
Na dai sauko da kwalbar inda hannunta zai kai,
na sassauta murfin,
na fita na watsa ruwan kwanon a gindin zogale,
wanda Tsahara ta rantse
wata rana shuɗin fure zai yi.