Gajere Ba Yaro Ba

Ranar da Chizuru ta kawo su
naɗe cikin bargo, ta ajiye bakin murhu,
na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Na ce, 'yata, ai waɗannan allunan yanka kifi ne,
tsawonsu da ƙyar ya kai ƙuguna,
faɗinsu ya fi tafin hannuna.
Shekara arba'in ina gangaro dutsen nan
a kan dogaye biyu da suka fi ni tsayi.
Ta ce, Baba, gwiwarka ta hagu fa?
Na yi shiru. Gwiwar ce ta amsa mata.

Daren nan iska ta taso daga teku,
sama ta kwana tana tankaɗe.
Da gari ya waye Hokkaido ta ɓace,
ba shinge, ba rufin Noboru mai gasa dankali,
sai hayaƙi yana fita daga wani farin tudu.

Muka hau kujerar igiya.
Ba sanda a hannuna,
hannuwan sun zama baƙi, na rasa masaukinsu.

Saukar farko na tura ƙirji gaba
kamar yadda na saba tun ina saurayi.
Hancin allon ya nutse, ni ma na bi shi,
na tashi da garin ƙanƙara har cikin kunne.
Chizuru na can ƙasa tana ihu:
Koma kan dunduniya! Kada ka ji tsoron gudu!

Na koma kan dunduniya.
Sai ga shi faɗin da na raina ya tallafe ni,
dusar ta kai cinya, amma ba ta haɗiye ni ba,
ina tafe kamar kwalekwale kan ruwan da ba ya jiƙa mutum.
Tsakanin bishiyoyi masu farin ɓawo,
inda dogayena kan nemi fili kafin su juya,
waɗannan da na yi tunanin hagu, mun riga mun yi hagu.
Gwiwar ba ta ce uffan ba.

Kada in yi ƙarya.
A kwari, inda gangare ya miƙe ya kwanta,
gudu ya mutu, na nutse har cibiya,
na yi ta iyo da hannu,
wani yaro ya wuce ni a kan dogaye, yana cin alewa.

Da azahar ta ja ni dandalin tsalle-tsalle,
inda aka daddaɓe ƙanƙara, aka gina tuddai,
aka kwantar da ƙarafa kamar hannun bene.
Nan ne gidanta.
Ta hau ƙarfe a karkace, ta zame har ƙarshensa,
ta tashi sama, ta yi juyi ɗaya da rabi,
ta dira da baya tana kallona.
Ta ce, a iska ba su da nauyi,
amma wajen dira ba sa yafiya.
Babu dogon wutsiya da zai cece ka,
in ba ka sauka a tsakiya ba, ka sauka a ƙeya.
Inda rana ta narkar, sanyi ya sake daskararwa,
faɗin nan yakan yi nawa kafin gefensa ya ciji ƙasa.

Na zaɓi ƙaramin tudu, na yara.
Komai nisan jifa, na ce a raina,
nawa kuwa bai kai kamu biyu ba.
Amma na bar ƙasa, ina da shekara hamsin da tara,
na dawo a tsaye.

Yanzu dogayen na jingine bayan ƙofa.
Nakan shafa musu kakin zuma duk kaka,
don ba su yi mini laifin komai ba.
Gajerun na bakin murhu suna ɗigar ruwa,
rediyo kuma ya ce gobe ma za a tankaɗe.