Mai Walda a Bakin Fili

Ni na ƙera zoben nan
da rodin da ya saura daga ginin wani shago a kasuwar Dole.
Shekara arba'in ke nan ba ɗaya,
lokacin hannuna bai fara rawa ba.

Jiya da la'asar, a fadarmu ta Zango,
shayi na biyu yana kan gawayi, gardama ta kaure.
Mele ya dafa ƙirji ya rantse
har gobe ba a haifi mai kama ƙafar Kiyari Dogo ba,
mutumin da ke wasa da takalmin aro,
ɗaya ya fi ɗaya girma.
Ya ba kwando baya, ya ɗaga hannu
kamar mai miƙa damin hatsi bakin rumbu,
ƙwallon ya faɗa, ko gaida ƙarfe bai yi ba.

Jikansa Sabi'u ya turo mana waya gaban ido:
Ku dubi na yanzu, tsoho,
daga tsakiyar fili suke harbi,
suna tashi sama kamar ƙasa ta ƙone su.
Naku fa, wa ya ƙirga? Ina hoto? Ina shaida?

Mele ya naɗe wando.
Ga shaida, in ji shi, tabon siminti a gwiwa,
ranar da ƴan Maraɗi suka zo a bayan babbar mota,
famfon lakwal ya yi kwana tara a ƙafe,
muka raba lemo ɗaya mu biyar, muka ci su.

Sai suka juyo kaina: Barma, raba mu.

Ni kuwa ƙarfe na sani.
Zamanin Kiyari, shekara sha ɗaya
ba a kira ni gyara ba.
Yaran yanzu, wata uku ba ya cika
sai a aiko: zobe ya sunkuya,
wani ya rataya a kai kamar jemage
don aboki ya ɗauka a waya.
Jaka biyu nake karɓa kowane zuwa.
In na zage su, tuwona na zaga.

Amma akwai wata yarinya, Yagana, ƴar Garin Malam,
da ke zuwa bayan asuba kafin maza su cika fili.
Ƙwallonta ya goge, ya yi santsi kamar tulu.
Ba mai ɗaukarta, ba mai tafa mata.
Na jingina keke a katanga na ƙirga:
talatin da ɗaya a jere, ƙarfena bai yi ƙara ba.
Ba ta taɓa jin sunan Kiyari ba.
Shi kuwa yana can Birni, ido ya tafi,
yana tambayar masu wucewa
ko an sa wa kwandon raga.

Ban faɗa musu wannan ba.
Na ce Sabi'u ya zuba na uku, ya rage sukari.
Gobe da sassafe zan hau tsani
in mayar da zoben inda na sa shi tun farko,
mita uku da yatsu uku daga ƙasa.
Ban taɓa sassauta wa kowa ba.