Kujerar Gefen Direba

Ƙarfe tara na dare a Brno,
saura awa biyar in je in hura tanderu.
Na shimfiɗa taswira a teburin kicin,
na danne kusurwa ɗaya da gwangwanin gishiri,
ɗaya da kofin shayi, sauran biyun suna ta naɗe kansu.

Kuɗin na cikin kwalbar zumar da ta ƙare tun bara.
Na zazzage, na ƙirga, na sake ƙirgawa
ko za su haihu kafin in kai ƙarshe.
Ba su haihu ba.

Da Radim za mu tafi, tun kaka muka ƙulla:
mai rabi-rabi, ɗaki rabi-rabi,
tuƙi ma kowa ya ja nasa zangon.
Sai matarsa ta sauka a Disamba, tagwaye.
Ya kira yana ba ni haƙuri,
ina jiyo kuka kala biyu a bayansa.
Na ce Allah ya raya, na ɗauki biro,
duk inda na rubuta rabi na mai da shi guda.

Kwana bakwai suka koma huɗu.
Babbar hanya sai an biya ta,
ni kuwa ba wanda ke jirana.
Zan bi ta ƙauyuka, a bayan motocin gungume,
in ƙetare iyaka da hantsi,
in hango duwatsun Tatra kafin rana ta faɗi.

Bohouš makanike ya zagaya tsohuwar motata,
ya shuri taya, ya ja tsaki.
"Batirin nan ba ya son sanyi, Jarmila."
Na ce ni ma haka, amma za mu je.
Ya ara mini sarƙar taya mai tsatsa,
ladansa biredi biyu masu zafi ran Asabar.

Kujerar lilon da ke ɗaga mutane zuwa ƙololuwa
ta fi araha ran Talata,
rana na karkatawa kuɗinta ya ƙara sauka.
To, safiya tawa ce da ƙafafuna:
in saɓa katakan zamiya a kafaɗa,
in bi gefen daji, numfashi na hayaƙi,
abin da masu hali ke hawa a minti goma
in haye shi a awa biyu, kyauta.

Katakan na Baba ne, sun girme ni da shekara uku.
Fenti ya ɓare, sunansa na nan,
da wuƙa ya sassaƙa shi.

Wata tsohuwa a Demänová, Pani Oľga,
tana da ɗaki a saman rumbun itace.
Ta ce a waya: ba ruwan zafi bayan takwas,
ba baƙi, ba kare.
Na ce ni kaɗai ce.
Ta ɗan yi shiru. "To, zan ƙara miki bargo."

Abinci da sauƙi, biredi dai nawa ne.
Cuku, tafarnuwa, dankali, ƙaramin risho,
da filas ɗin nan mai ɗiga ta murfi.
Miya kwano ɗaya zan saya a bukkar kan dutse,
ranar ƙarshe, in zauna jikin taga
in sha a hankali kamar ni na gina wurin.

Yayata ta ce, in kin faɗi wa zai ɗaga ki?
Na nuna mata lambar masu ceto a cikin hulata,
na yi alkawarin saƙo duk faɗuwar rana.
Abin da ban gaya mata ba:
shekara goma sha ɗaya ina kwaɓa fulawa,
fari a gira, fari a gwiwar hannu,
ina so sau ɗaya in tsaya cikin farin
da ba ni zan share shi ba.

Ragowar lissafi yuro goma sha tara.
Na ja masa layi biyu.
Kujerar gefe, jakar barci ce za ta zauna,
zan ɗaura mata bel kada ta kife a kwana.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan layin tarago.
Na mai da kuɗin kwalba, na murɗa murfi,
na saita agogo ƙarfe biyu saura kwata.