Igiya Ta Uku

Shagona na bakin bariki a Yelwa,
keke tsoho, benci guda, madubi mai tsaga.
Ni ke liƙa wa masu kaki girmansu,
ni da ko fareti ban taɓa yi ba,
amma yatsuna sun san nauyin kowace igiya.

Kurtu kan zo da hannun riga fayau,
ya yi shekaru yana sara wa kowa.
In sigina ta sauko daga Abuja
ya dawo da biyu, a ce masa kofur.
Uku saje. Gaba sai sandar sufeto,
anini kuwa can kafaɗa yake kwana, kusa da wuya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da Kofur Habila Zwal ya zaro daga aljihu
igiya ta uku, naɗe a takardar ƙosai.
"Ajiye mini, Sambo. Na ci jarrabawa,
suna kawai ake jira."
Na jefa ta gwangwanin maɓallai, muka yi dariya.

Sigina ta zo, babu Habila.
Aka ce babu gurbi.
Da shekara ta zagayo aka ce fayil
ya yi ɓatan dabo tsakanin Bauchi da hedikwata.
Ta gaba aka buga Habibu,
wani Habibu a Azare ya yanka rago,
namu yana shingen hanyar Dass, rana na cin ƙeya.

Yaron da ya koya wa goge takalmi
ya tafi kwaleji, ya dawo da anini.
A shagona suka haɗu.
Habila ya ƙame, ya buga ƙafa, ya sara,
yaron ya amsa yana kallon ƙasa.
Allura ta soke ni, ban ce uffan ba,
ban san a cikinmu ukun wa ya fi jin kunya.

Sau biyu na sauya masa kwala.
Bai ƙara tambayar gwangwanin ba,
ni ma in zan ɗauki maɓalli, sai in kau da kai.

Ran Talata, bayan la'asar,
saura wata huɗu ya ajiye aiki,
sai ga shi da takarda tana rawa a hannu.
Bai yi magana ba. Ya tuɓe riga ya miƙo.
Na zazzage gwangwanin a kan benci:
tana nan, sabuwa ful, kamar an saye ta jiya.

Na kara ta a ƙarƙashin 'yan uwanta,
su sun koɗe, ita tana sheƙi,
kamar jika tsakanin kakanni.
Na lashi zare, na nemi kafar allura,
sau uku ido na yaudarata.
"Kawo," in ji shi. Ya matsa bakin ƙofa wajen haske.
Shi ma sai a na huɗu.

Na ɗinka. Ya zaro kuɗi, na ture hannunsa.
Ya tsaya gaban madubi, tsagar ta raba shi biyu.
Na ce, "Saje."
Bai juyo ba.
Sai da na sake kira ya gane da shi nake,
sannan ya waiwaya.