Ƙofar Huci

A Guri, bayan kasuwar kifi,
akwai ɗakin sanyi na ƙungiyar masunta.
Karfasa da tarwaɗa kan kwana a ciki,
su wayi gari kamar yanzu aka ciro su daga koma.

Bayan ɗakin, ƙarƙashin rumfar kwano,
inji na gurnani, fanka na juyawa,
ga tulun ƙarfe baƙi a kwance,
a ƙeyarsa wani ɗan bawul na tagulla
da tafin hannu zai iya ɓoyewa.

Ran da Malam Tanimu ya ɗaura shi
ni ke miƙa masa sifana.
Na ce, "Firjin Inna Delu mai zoɓo
shekararsa tara, ba shi da wannan."

Ya ce, "Gas ɗin firjin Delu bai cika kofin shayi ba.
Wannan tulu ne, Ilu.
Duk tulun da za ka iya kullewa gaba da baya,
ruwan gas ya tsaya cikinsa ba mafita,
ka bar masa ƙofa guda
wadda hannun mutum ba ya rufewa.
Kar ka sa famfo tsakaninsu.
Bututun hucin ka kai shi waje, ka ɗaga,
inda ba fuskar kowa."

Na ce, "Ai akwai makunnin da ke kashe inji
in matsi ya hau."
Ya tofar da tuƙar goro.
"Makunni wutar waya yake kashewa.
In ta kara ce ta taso daga wajen masu banda
ta lashi cikin tulun nan fa?"

Sai bazara ta shigo.
Malam ya tafi Haɗeja jinyar ido.
Audugar kacalla ta taso daga fadama
ta like ragar da inji ke shan iska,
makunnin kuwa ashe ya mutu tuni,
wani mai sauri ya haɗe wayoyinsa.

Da azahar ɗan tagullan ya yi tsaki.
Ya yi shiru. Ya sake.

Alhaji Barau, ma'ajin ƙungiya, ya kama kai:
"Kuɗinmu ne ke fita ta hancin nan!
Kai yaron Tanimu, toshe shi."
Dubu uku ya danƙa mini, sababbi.
Na samo toshi mai zare,
na murɗa, na ƙara murɗawa.
Tsakin ya mutu.
Aka ce Allah ya yi mini albarka.

Daren nan tabarma ta ƙi ni.
Kwaɗi na kuka a bakin gulbi,
ni shirun da na ƙera nake saurare.
Na tuna maigadi, Baba Mati,
a gindin tulun yake shimfiɗa buzunsa.

Ban tsaya neman takalmi ba.

Tocila ta nuna mini allurar ma'auni
ta haye ja, tana rawar sanyi,
ƙarfen ba ya taɓuwa don zafi,
Baba Mati na minshari, kamu ɗaya tsakaninsu.
Na kashe inji. Na tashe shi, na janye shi nesa.
Muka zauna har allura ta sauko,
sannan na kwance abin da na ɗaura,
na share kacalla da tsintsiyar masallaci
har aka kira assalatu.

Dubu ukun na mayar. Alhaji ya ƙirga su a gabana.

Da Malam ya dawo, ido ɗaya a naɗe,
ya shafa tagullan da ɗan yatsa,
ya ji sawun sifana inda bai bar sawu ba.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya ce, "Wanda ya taɓa huci, canza shi ake.
Gobe ka hau motar Kano,
ka karanta lambar jikin tulun kafin ka saya.
Ka haɗo da makunni."

Toshin yana nan cikin akwatin aikina,
tsakanin filaya da guntun waya.
Duk na ɗauki akwatin sai ya yi ƙara.