Fensir Goma Sha Tara

Laraba, aji biyu, an dawo daga tara.
Yara arba'in da ɗaya,
fensir goma sha tara.
Sauran na karkarya musu gawayin
da na roƙo wurin mai gasa masara
a bakin ƙofar makaranta.

Na ce: yau babu mangwaro, babu tulu.
Yau fuska za mu zana.
Kada kowa ya ƙirgo mini ido biyu, hanci ɗaya,
wannan ko mai hoton fasfo a Kasuwar Barci ya iya.
Ku kawo mini mutum
a lokacin da bai san ana kallonsa ba.

Aji ya yi tsit
har na ji takun kurciya a kan rufin kwano.

Ishaya ya zana babansa a kan dakali,
ya ba shi idanu manya,
ya ba shi kunnuwa, ya ba shi furfura uku,
ya hana shi baki.
Na ce, ina bakin?
Ya ce, Malama, tun da aka rufe masaƙa
bai cika amfani da shi ba.

Na wuce. Me zan ce?
Ni ma a Kakurin nan na girma,
na san jiniyar da ta daina kiran kowa.

Uwani tana gogewa, tana sakewa,
tana gogewa,
har takarda ta huje daidai kumatu.
Na miƙa mata sabuwa, ta girgiza kai.
Dariyar Inna nake nema, in ji ta,
sautin yana nan a kunnena,
siffar ce ta ɓace mini.
Ta ɗaga takardar wajen taga,
rana ta shigo ta hujin,
ta sauka a kan hannunta.
Ta ce a bar shi haka.

Shi kuwa Gambo, sarkin surutun aji,
wanda ba ya minti biyu bai tsokani wani ba,
ƙeya ya zana.
Ƙeya kawai, da wuyan riga, da igiyar jaka.
Yara suka fashe da dariya.
Bai yi ba.
Ya ce, yayana ne,
haka na gan shi a tashar Mando.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Masu maganar ba su ga wannan ƙeya ba.

Ana saura minti biyar
Rifkatu ta turo tata a kife.
Na juya:
wata mata ce ta yi tagumi,
layi biyu a tsakanin gira,
ɗankwali ya zame baya,
jan biro a hannu, ido a wani gari.
Na ce, wace ce?
Aji duka ya amsa mini.
Na ce, ni yaushe na yi tagumi a gabanku?
Ta ce, in wata ya yi nisa.

Ƙararrawa ta cece ni.

Yanzu ga rajista a gabana,
gida-gida, kowa da layinsa,
ana son maki bisa ashirin kafin Juma'a.
Nawa ake ba bakin da babu?
Nawa ne kuɗin huji?
Na rubuta, na soke,
na rufe.

A Keke Napep, muna hawa gada,
kogi ya cika ya yi ja,
na kama kaina ina karatun ƙeyar direba,
da goshin matar da ke ƙirga canji a gefena.
Ta dube ni, ta yi murmushi,
ta nuna kumatuna da leɓe:
Baiwar Allah, kin shafa baƙi.

Na duba yatsuna. Gawayi.
Ban goge ba
sai da na isa gida.