Ledata a Ginzo

Asabar, ko rana ba ta fito ba,
Tasi'u tela ya buga mini ƙofar shago:
"Ɗauko manjagara, Nafi'u,
yau za mu yi wa Ginzo aski."
Na ce ban karya ba tukuna.
Ya ce, "Shi kogin ya ƙoshi ne?
Shekara nawa yana haɗiyar abin da ba ya narkewa."

Mu goma sha bakwai muka gangara
ta bayan Ƙofar Marusa,
da baro biyu, ɗaya ƙafarsa na kuka,
da tsofaffin buhunan taki,
da safar hannu shida kacal.
Sauranmu muka ɗaura leda a hannu
don mu tsinci leda.

Wari ne ya fara amsa mana sallama.

Silifa ɗaya, ɗan'uwansa ya yi gaba.
Gwangwanin tumatir, mataccen batir,
gidan sauro ya naɗe tayar babur
kamar uwa da goyo.
Wata katifa ta sha ruwa ta yi nauyin sa,
sai da muka yi mata mutum biyar.

Malam Ɗayyabu mai lambu
ya jingina da shebur yana haki.
"Nan," ya ce, ya nuna da haɓa,
"nan na taɓa kama tarwaɗa da hannu.
Yanzu da ruwan nan nake ba latas,
ku kuma ku saya da yamma,
ku yanka albasa a kai."
Babu wanda ya yi dariya.

Sannan na gan ta.
Fara, da shuɗin rubutu,
an cije mata kunne ɗaya.
Na san ta kamar tafin hannuna:
ita nake jerawa a firji kowace safiya,
ita nake miƙa wa 'yan acaɓa da sanyinta,
in karɓi kuɗi, in ce a sha lafiya.
Ban taɓa tambayar ina take kwana ba.
Ga ta nan. Ga ƙannenta.
Na ƙirga har ɗari biyu da wani abu,
na daina,
kunya ba ta iya lissafi.

Fasasshiyar kwalba ta yanki Sagir a diddige.
Ramlatu, mai koyon aikin jinya,
ta wanke, ta ɗaure, tana yi masa faɗa.
Inna Lantana ta sauko da kunun tsamiya a bokiti,
ta ce, "Da kofi za ku sha.
Wanda ya nemi in ƙulla masa
ya koma gida."

Muna cikin sha,
wani ya wuce bisa gada a guje,
ya tsotse, ya jefo.
Ta yi lilo a iska,
ta sauka daidai inda muka share.
Tasi'u ya buɗe baki zai yi ashar,
ya tuna Malam na kusa,
ya duƙa ya ɗauke ta.

Kafin azahar, buhu arba'in da ɗaya.
Motar shara ta ce tana hanya,
har muka tashi tana hanya.
Amma a ƙarƙashin gada, inda ya toshe,
ruwan ya motsa.
Siriri, baƙi, ba abin alwala ba,
sai dai ya motsa,
kamar majinyaci ya juya da kansa.
Wata balbela ta sauka ta duba,
ba ta yanke shawara ba.

Da dare na rataye buhu a bakin shago.
Mai siye na farko ya tambayi na mene ne.
Na ce, "Sha a nan, ka ba ni fatar."
Ya dube ni, ya dubi buhun,
ya sha,
ya tafi da ita a hannu.
Na biyu ya saka.